Alhaji Abdulwadud Gauraka da Akwatunansa na Ƙarfe

Haihuwa da asali

An haifi Alhaji Abdulwadud Mukhtaru Gauraka a garin Kwarin Gauraka, a arewacin Nijeriya, cikin shekarar 1941 miladiyya, ko da yake takardar makarantarsa ta ce 1944, ta majalisa kuma ta ce 1943, shi kuwa bai taɓa gyara wa kowa ba, domin ba ya ƙaunar a san wani abu tabbatacce game da shi. Mahaifinsa shi ne Malam Mukhtaru, marubucin Alƙur'ani wanda ake zuwa daga nesa a ba shi aikin rubutu, mahaifiyarsa kuwa Kabira, 'yar gidan masunta. Wanda ya so ziyartar mahaifar tasa a yau sai ya nemi kwalekwale, saboda garin da maƙabartarsa suna ƙarƙashin ruwan madatsa tun 1983, kuma tambayar da ta bi Abdulwadud har kabarinsa ita ce ko da hannunsa a wannan al'amari.

Karatu da aikin farko

Ya sauke Alƙur'ani a gaban mahaifinsa, sannan aka sa shi elementare a 1950, ya wuce midil, ya kammala kwalejin horon malamai a 1962. Daga hannun mahaifin nasa ya gaji wata ɗabi'a wadda bai bari ba har ya tsufa: ba ya ɗora alƙalami a kan takarda sai ya rubuta Bismillahi a samanta da haruffan Larabci, ko da kuwa takardar bugaggiya ce ta gwamnati. In kuma magana ta ɗaure masa kai, sai ya cika gefen shafin da ayoyi da addu'o'in neman tsari.

Ya koyar shekara uku, aka mai da shi akawu a ofishin En'e a 1965. A shekarar da ta biyo baya wani shugabansa ya ba shi umarni da baki a kan rabon wasu gonaki, da rigima ta tashi sai shugaban ya rantse bai san zancen ba, aka dakatar da Abdulwadud wata shida ba tare da an saurare shi ba. Ya dawo aiki wani mutum daban. Daga ranar bai sake yarda da maganar baki ba, duk abin da ya buga a tafireta sai ya sa takardar kabon ya cire kwafinsa ya tafi da shi gida, kuma duk wanda ya gaishe shi da fara'a fiye da kima sai ya kwana yana lissafin abin da mutumin yake nema.

Auren farko

A 1967 ya auri Rabi'a, 'yar ƙanen mahaifiyarsa, mace mai haƙuri da ƙarancin magana, wanda ake jin shi ya sa suka zauna lafiya. Allah ya ba su 'ya'ya uku, biyu suka koma tun suna goye, Awwal da aka haifa a 1968 shi kaɗai ya rayu.

Majalisar Wakilai, 1979 zuwa 1983

Da aka dawo mulkin farar hula a 1979, dattawan ƙasarsu suka tsai da shi takara bisa hujjar cewa mutumin da ba ya yarda da kowa ba za a yaudare shi a Ikko ba. Ya ci zaɓe, ya shiga Majalisar Wakilai ta Tarayya, aka sa shi a kwamitin albarkatun ruwa. An san shi da ƙudurin kare burtalin makiyaya, wanda ya mutu a karatu na biyu, da wata doguwar muhawara a kan rumbunan ajiyar hatsi, da kuma yawan tsai da ministoci da tambaya, har abokan aikinsa suka laƙaba masa Kawo Takarda, saboda abin da ya fi fita daga bakinsa ke nan. A ɗakin shan shayi na 'yan majalisa ba ya kurɓar komai sai ya ga wani ya riga shi sha daga buta ɗaya.

A 1981 kwamitinsu ya zauna a asirce a kan shirin datse kogin Gauraka, aka fito aka sanar cewa kwamiti ya amince, sunansa kuma yana cikin jerin 'yan kwamitin da jaridu suka buga. Abin da Abdulwadud ya riƙa faɗa har ƙarshen rayuwarsa shi ne cewa ya yi adawa da shirin a zaman, ya rubuta rahoton marasa rinjaye shi kaɗai, shugabannin jam'iyya suka danne rahoton suka kuma ja masa kunne. Abin da mutanen Kwarin Gauraka suka riƙe kuwa shi ne ɗansu na cikin ɗakin da aka yanke hukuncin, bai zo ya gaya musu komai ba, kuma a shekarar ya sake mota. A daminar 1983 ruwa ya cika kwarin, aka kwashe jama'a zuwa wani tudu mai marmara da aka sa wa suna Sabuwar Gauraka, aka bar kaburbura a baya, har da na Malam Mukhtaru da Kabira. A watan Agustan shekarar aka sake bayyana shi a matsayin wanda ya ci zaɓe, da ƙuri'un da mutanen tudun suka rantse ba su suka jefa ba.

Tafiya Makka

A tsakiyar Disamban 1983 ya tashi zuwa umra, ya bar Rabi'a da Awwal a Sabuwar Gauraka. Yana Makka sojoji suka kifar da gwamnati a ranar ƙarshe ta shekara, aka shiga kama 'yan siyasa, takardun majalisa kuma suka watse, wasu aka ce an ƙone, wasu ruwa ya ci a ma'ajiya. Nan ma akwai abin dubawa, domin Abdulwadud ya tafi umrar da akwatunan ƙarfe cike da fayilolinsa, wasu sun ce biyar, wasu bakwai, kuma ba a saba ganin mai ziyarar mako biyu da irin wannan kaya ba. Masu zarginsa suka ce ya ji ƙishin-ƙishin ɗin juyin mulkin ne ya tsere da shaidar laifinsa. Shi ya ce bai taɓa yin nesa da takardunsa ba, kuma gaskiya ne, ko bikin suna ya je da jakar fayil yake zuwa.

Bai koma Nijeriya ba. Ya samu iƙama, wato izinin zama, a ƙarƙashin wani mai hidimar alhazai a unguwar Jarwal ta Makka, ya zama shi ke rubuta wa ofishin wasiƙu yana kuma yi wa alhazan Nijeriya tafinta. Aikin ya dace da shi ta wata fuska, ta wata fuskar kuma azaba ne, saboda kowace shekara dubban 'yan ƙasarsa ke wucewa ta gabansa, kuma kowanne ya tambaye shi garinsu sai ya ɗauka ɗan leƙen asiri ne. Ya daina amsa sunan Gauraka, Jarwal ta san shi da Ustaz Abdulwadud, tsohon malamin makaranta.

Aure na biyu da 'ya'yan Makka

A 1986 ya auri Mairama, haifaffiyar Makka wadda kakanninta suka zo hajji da ƙafa daga ƙasar Katsina suka zauna. Ta haifa masa Turki a 1987, Wafa a 1989, Basma a 1992, da Mish'al a 1995. Rabi'a ta rasu a Sabuwar Gauraka a 1990, an ce mutanen da suka yi mata salla ba su cika sahu biyu ba, labarin kuma ya yi masa zafi ƙwarai, ya yi kwanaki ba ya cin abinci.

A gidan, Mairama ita kaɗai ta san abin da ke cikin akwatunan, ita ma a dunƙule. 'Ya'yan sun tashi da Larabci a baki, Hausarsu ta gaisuwa da kicin ce, sun san dai mahaifinsu ya taɓa aikin gwamnati a ƙasarsu. Da suka fara wayo suna tambayar akwatunan da ke jere a ƙuryar ɗakinsa, sai ya yi tunanin cewa yaro ba ya riƙe magana, abin da ya ji a gida gobe yana bakin layi, jibi yana kunnen wani alhaji. Saboda haka ya tara su ya ce rubuce-rubucen kakansu Malam Mukhtaru ne, ayoyi ne da sunayen Allah, wanda ya taɓa ba da izini ba ya ɗauki zunubi. Dabarar ta yi aiki fiye da yadda ya zata, har yaran ba sa miƙe ƙafa ta wajen akwatunan. Makullan kuwa ya zura su a igiya ya rataya a wuya, da su yake wanka.

Zuwan Awwal, 2004

Awwal ya zo hajji a 2004, yana da shekara talatin da shida, bai ga mahaifinsa ba tun yana ɗan sakandare. Ya taso a garin da ake nuna shi da baki ana cewa ɗan wanda ya sayar da kabarin ubansa, an hana shi aure a gidaje biyu, an kuma ƙi bin sa salla ranar da liman ya yi tafiya. Bayan an sauko daga Mina ya zauna a gaban mahaifinsa a Jarwal, aka rufe ƙofa, ya ce, "Baba, ba gado na zo nema ba. Takarda ɗaya nake roƙo, wadda ka ce ka rubuta. A buga mini hotonta kawai in kai wa mutanen nan, ko 'ya'yana sa samu su ɗaga kai."

Abdulwadud ya ji tausayin ɗan nasa har idonsa ya kawo ruwa, hannunsa ma ya kai ga igiyar wuyansa. Sai kuma tunanin ya zo masa kamar yadda ya saba zuwa: wa ya biya wa yaron nan kujera, kuma me ya sa sai bana, alhali biyu daga cikin waɗanda rahoton ya ambata sun dawo da ƙarfinsu a siyasa? Ya sauke hannu ya ce, "Na'urar da ke buga hoton takarda tana ajiye nata a ciki, kai ba ka sani ba. In ta fita daga hannuna za su ce jabu ce. Ka bari sai an samu mai amana." Awwal ya ce, "Ni ɗin ba mai amana ba ne, Baba?" Awwal ya koma gida da dabino da zamzam kawai.

Masu bibiyar tarihinsa sun rabu a nan. Wasu sun ce tsoro ne na mutumin da aka taɓa cuta, wasu sun ce wanda ke da takardar da za ta wanke shi ba ya shekara ashirin yana zaune a kanta, sai dai in takardar ba abin da ya ce ta ƙunsa ta ƙunsa ba.

Shekarun tsufa

A 2012 aikin faɗaɗa gine-gine ya iso layinsu a Jarwal, iyalin suka koma wani gida a unguwar Utaibiyya, inda ya sa aka jera akwatunan a ɗan ɗakin ajiya da ke kan soro, ɗaya bisa ɗaya, ya bi motar kayan a tsaye a baya duk da shekarunsa. Mairama ta rasu a 2017, aka rasa mutum na biyu da ya san gaskiyar kayan. Turki da Wafa sun yi aure sun fita, Mish'al na aiki a Jidda, sai Basma ta rage a gabansa, tana aikin rabin rana a wani kantin magani, tana kula da cinsa da shansa. Ita ce ya fi so, kuma ita kaɗai bai taɓa zargi ba, dalilinsa kuwa shi ne ba ta taɓa tambayarsa komai ba.

A 2018 Dakta Ramlatu, mai kula da ma'adanar takardun tarihi a wata jami'a ta Arewa, ta zo umra ta neme shi bisa kwatancen Awwal, domin jami'ar na tattara takardun 'yan majalisar Jamhuriya ta Biyu kafin su ƙare. Ya karɓe ta a zaure, ya gaya wa Basma cewa wata 'yar uwa ce ta zo neman addu'a. Ya yi mata tambayoyi kamar alƙali, sunan kakanta, da wanda ya ɗauke ta aiki, da ko mijinta na siyasa, sannan ya sallame ta hannu wofi. Ta dawo a 2019, ta sake dawowa a 2022, a zuwa na ukun ne ta ce masa, "Ranka ya daɗe, duk waɗanda kake tsoro sun mutu. Saura kai, da mutanen da ke jiran su ji." Ya san lissafin nata daidai ne, ya bi rasuwar kowannensu a rediyo. Suka yi alkawari za ta zo da azumin 2023, a buɗe akwatunan a gabansa, fayil bayan fayil, a rubuta kowanne ya sa hannu ita ma ta sa. Bai gaya wa kowa a gidan ba.

Ruwan Disamba

A Disamban 2022 ya zame a banɗaki ya karya ƙugu, aka kai shi asibiti, kafin a shiga da shi tiyata ma'aikatan suka cire igiyar wuyansa suka miƙa wa Basma. Yana kwance aka yi ruwa mai ƙarfi a Makka, irin wanda ke jan motoci a tituna, magudanar soron gidan ta toshe, ruwa ya kwanta a ɗakin ajiya. Da Basma ta hau bayan kwana biyu ta tarar akwatin ƙasa ya sha ruwan datti, wari na tashi. Ta yi alwala, ta buɗe shi, ta ga takardu sun manne da juna sun fara baƙi, a saman kowace kuma ga Bismillahi, ga ayoyi a gefe. Ta lura akwai bugun Turanci a jikinsu, abin ya ɗan ba ta mamaki, amma ba ta tsaya a kansa ba, saboda ko a makarantar firamare an koya mata hukuncin takarda mai sunan Allah da ta tsufa ko ta lalace: ba a barin ta a wulaƙance, ba a kuma zuba ta a shara, ana kai ta akwatin da ke ƙofar masallaci ne, inda motar wata ƙungiyar sa-kai ke zuwa ta kwashe tsofaffin Alƙur'anai da makamantansu a kai inda ake jiƙa su a narkar cikin mutunci.

Ruwan bai wuce akwatin ƙasa ba, sauran a bushe suke. Amma Basma mai gama aiki ce, ta ga takardun sun yi ja sun fara karyewa, ta tuna likita ya ce ƙirjin tsohon ba ya son ƙura, ta kuma ji tsoron wani ruwan ya dawo ya jawo musu zunubi. Ta zare takardun duka ta zuba a buhuna masu tsabta, ta yi ta kai su masallacin layinsu har ta gama. Bangwayen fayilolin, waɗanda kwali ne kuma babu sunan Allah a jikinsu tun da ana ajiye su a ƙasa, ta goge su ta mayar cikin akwatunan a jere, ta kulle.

Sai da ya dawo gida a Janairun 2023 ta gaya masa, tana rataya masa igiyar a wuya, da murnar wadda ta yi aikin lada. Ta ce, "Abuya, moya ta shiga auraƙ ɗin Jaddi, wallahi sun lalace. Amma kada ka damu, halas, na kai su duka sanduƙ na masallaci, ko ɗaya bai taɓa shara ba." Ya sa ta maimaita da Larabci, ta maimaita, ruwa ya shiga takardun Kaka, ta kai su akwatin masallaci. Ya aiki Turki da gudu, Turki ya dawo ya ce an kwashe akwatin tun makonni uku da suka wuce.

Abdulwadud ya daɗe yana kallon 'yarsa. Shekara arba'in yana jiran ɓarawon takardun nan, ya siffanta shi a soja, a ɗan jam'iyya, a alhaji mai fara'a, har a ɗan cikinsa, zuciyarsa kuma ba ta san wata hanyar fahimtar asara ba sai wannan. Ya ce mata da Hausa, a hankali, "Wa ya aiko ki?" Basma ba ta gane ba da farko, da ta gane sai ta durƙushe a wurin tana kuka. A ranar Turki ya fara jin cewa mahaifinsu ɗan majalisa ne, kuma akwai wani gari a ƙarƙashin ruwa.

Rasuwa

Bayan wannan bai ƙara doguwar magana da kowa ba. Basma ta ci gaba da ba shi abinci da hannunta yana karɓa, bai sake yi mata tambayar ba, bai kuma janye ta ba. Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata, 7 ga Maris 2023, daidai da tsakiyar Sha'aban 1444, saura mako biyu azumin da aka yi alkawari. An yi masa salla a Harami bayan la'asar, aka binne shi a maƙabartar Shara'i.

Dakta Ramlatu ta zo kamar yadda ta alkawarta, iyalin suka miƙa mata abin da ya rage, kuma yau a ma'adanar jami'ar akwai tarin da aka yi wa rajista da sunan Takardun Abdulwadud Gauraka, bangwaye ne zalla, kowanne da kan maganarsa da rubutun hannunsa. Awwal ya je ya nemi na madatsa, aka ɗauko masa, ya ga an rubuta a jikinsa: Madatsar Gauraka, 1981, matsayina. Ya buɗe, ya juya bayansa, bai ga ƙarin kalma ba. Ya sa aka buga masa hoton bangon ya kai Sabuwar Gauraka, dattawa suka karɓa hannu zuwa hannu a ƙofar masallaci, ɗaya daga cikinsu ya tambaye shi wane matsayin, Awwal ya ce bai sani ba.

Marigayin ya bar 'ya'ya biyar: Awwal, malamin makaranta mai ritaya a Sabuwar Gauraka, Turki, direban motar alhazai a Makka, Wafa, matar aure a unguwar Utaibiyya, Mish'al, ma'aikacin wani kamfanin jigilar kaya a Jidda, da Basma, wadda har yanzu take zaune a gidan da ya rasu, kuma in za ta wurin aiki takan zaga ta bayan layi don kada ta bi ta ƙofar masallacin. Ya bar jikoki goma sha ɗaya, shida daga cikinsu a Sabuwar Gauraka suke, suna amsa sunansa. Allah ya yi masa rahama, ya hukunta tsakaninsa da mutanen garinsu da abin da Shi kaɗai ya sani.